Ranar da Ramukan Titinmu Suka Ɓace

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karantawa kawai na iya, kuma na san karatu daban, rubutu daban. Ko baƙi aka yi a gida sai an aiko kirana sau biyu kafin in fito gaisuwa, idan na fito kuma da kyar ake jin gaisuwar. To amma abin da zan ba ku labarinsa, rabinsa a kan cinyata ya faru, kuma yanzu kowa a layinmu yana ba da shi yadda ya ga dama. Idan kun ga na yi tuntuɓe a wata jimla, ku kauce mata ku wuce, kamar yadda muke yi wa ramukan titinmu.

Babana ƙwai yake sayarwa, na sari. Motoci ke kawo masa daga gonaki, shi kuma ya rarraba wa masu shaguna da gidajen burodi. Shi ne kuma shugaban ƙungiyar masu kasuwanci da ƙananan masana'antu na titinmu, wanda ya taso daga babban shatale-tale ya dire a tashar manyan motoci. A da, an ce, kwalta ce a kansa. Ni dai da ramuka na san shi, har suna gare su. Akwai Kwano, akwai Surukar Direba, akwai kuma Rijiya, babban cikinsu, wanda ke daidai ƙofar shagon Baba, kuma bai taɓa bushewa ba saboda wani bututun ruwa da ya fashe a ƙarƙashinsa.

Ba sai na gaya muku abin da rami yake yi wa ƙwai ba. Duk motar da ta iso shagonmu, kafin a buɗe ta ƙudaje sun riga sun san abin da ke ciki.

Abu biyu ƙungiyar Baba take nema a majalisa. Na farko, a sa titin a kasafin kuɗin bana. Na biyu, a gyara doka, ta yadda harajin da ake karɓa daga kowace babbar mota a bakin tasha zai riƙa shiga asusun gyaran titi, maimakon ya tafi inda yake tafiya, wanda babu wanda ya taɓa ganin ya dawo. Sun yi kamun ƙafa har ƙafafun sun gane su. Sukan sa kayansu masu kyau su je su zauna a ɗakin jira na kwamitin sufuri, a ba su shayi, can shugaban kwamitin ya fito ya gaisa da kowa hannu bibbiyu ya ce, "Muna sane." Baba ya ce shayin majalisa kaɗai ya sha ya isa a yi kwaɓin siminti da shi.

Wata rana muna cin abinci ya ajiye cokali ya ce, "Idan titin nan bai shiga kasafin bana ba, na rufe shago. Mu koma gonar Kawu, in yi kiwon kajin da kaina. Ƙwan da bai hau mota ba ai ba zai fashe a mota ba."

Mama ta dube shi ta ga da gaske yake. Ni kuwa sai na tuna abin da zan rasa. A ƙarshen titinmu, dab da tasha, akwai ɗakin karatu na gwamnati, ƙarami, mai fanka ɗaya da ke juyawa kamar ana roƙonta. Can nake wuni idan babu makaranta. Na taɓa tambayar Kawu ko akwai abin karantawa a gonarsa. Ya yi tunani ya ce akwai kalanda.

Taron da aka ƙulla dabarar a falonmu aka yi shi, ina kai ruwa ina jin komai. Akwai Mai Katifa, mutum mai taushin murya kamar kayansa. Akwai Mai Fenti, wanda ba ya iya kallon bango bai faɗi launin da ya kamace shi ba. Akwai kuma Hajiya Mai Tangaran, da ke shigo da kofuna da faranti, wadda asararta a titin nan ta kusa kamo ta Baba.

Ita ce ta ce, "Mutanen nan ba su taɓa jin ramin nan a ƙashin bayansu ba. Motocinsu ba sa biyowa nan. Mu daina kai musu takarda, mu kai su titin. Mu zuba su a bas ɗaya, daga shatale-tale har tasha, a kira 'yan jarida."

"Tsohuwar bas," in ji Baba. "Wadda kujerunta katako ne."

"Kuma kada wanda ya taɓa rami," in ji ta, tana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Ko tsakuwa kada a jefa. Yadda Allah ya bar su haka za a nuna su."

Duk suka amince. Baba kuwa sai da ya ƙara nasa. Ya ce za a ɗora kiret ɗin ƙwai a cinyar wani a kujerar gaba, ya fashe a gaban idon 'yan majalisa da kyamara, a ga abin da yake gani kullum. Mai Katifa ya ce idan ma'aikacin shago ne ya riƙe, za a ce da gangan ya saki. Ana son wanda kowa ya gan shi ya san ba zai iya makirci ba. Sai na ga duk sun juyo suna kallona, ina tsaye da tire a hannu da tabarau a karan hanci.

"Uwata za ta riƙe," in ji Baba. Haka yake kirana.

Na buɗe baki in ce a'a, abin da ya fito shi ne, "To."

Mama daga ƙofar kicin ta ce, "Ba dai da sabon kayanta ba."

An yi ta kai da kawo kafin kwamitin ya sa rana, amma ya sa. Ranar da sassafe Baba ya ce in raka shi shago mu zaɓi ƙwai. Ya daɗe yana ɗagawa yana dubawa yana mayarwa. Na ce, "Baba, ai fashewa za su yi." Ya ce, "Ko fashewa za su yi, a gaban manya za su fashe. Ba za a ce ƙwan shagona ƙanana ne masu siririn ɓawo ba." Ya cika kiret da manya-manya, irin waɗanda sai an buga su sau biyu a bakin kasko.

Da muka fito sai ya tsaya a bakin Rijiya, hannu a ƙugu. Ruwan cikinta kore ne, ga leda, ga takalmi wari ɗaya da ya daɗe a ciki har mun saba da shi.

"Nan za su sauka," ya ce a hankali. "A ƙofata. Su ce wai wannan ne shugaba."

"Baba, ai an ce ko tsakuwa..."

"Wa ya ce miki tsakuwa zan jefa? Kuma ba cikewa zan yi ba, muninsa zan rage."

Ya kira ma'aikatansa suka kwaso tsofaffin kiret na kwali da ke jibge a bayan shago, suka yi ta dannawa a cikin ramin har ya cika, suka watsa yashi a sama suka daddaɓe da bayan shebur. Baba ya ja da baya ya duba, ransa ya yi fari.

"Titi cike yake da ramuka, Uwata. Guda ɗaya ba zai rage komai ba. Maganar nan daga ni sai ke."

Ta bayan layi muka koma gida muka shirya, ta bayan layi kuma muka tafi shatale-tale, don haka ba mu ga sauran titin ba.

Abin da ya fara tarbar mu shi ne bas ɗin. Doguwa ce, sabuwa fil, da labule a tagogi, sanyinta har waje ake jinsa. Baba ya nemi Mai Katifa, wanda aka ba aikin haya, ya ja shi gefe.

"Ina akwalar da muka ce?"

"Shugaba, ka yi mini adalci. In ɗora 'yan majalisa a kan katako, ni da nake sayar da katifa? Gobe da wane ido zan kalle su?"

Babu lokacin faɗa, don ga jerin motocin kwamiti sun iso. Shugaban kwamitin ya fito cikin fararen kaya masu ɗaukar ido, ya gaisa da kowa hannu bibbiyu. Aka shiga. Motocinsu suka tsaya a shatale-tale suna jira. Ni aka zaunar da ni a gaba da kiret a cinya, kusa da wata 'yar majalisa, dattijuwa, mai jan alƙalami saƙale a wuyan riga. Ta dubi ƙwan, ta dube ni. 'Yan jarida suka cika tsakiya. Baba ya tsaya kusa da direba da makirufo a hannu, ya juya wa gilashi baya yana fuskantar baƙi.

Ni ce na fara gani. Bas ta karya kwana ta shiga titinmu, na nemi Kwano na rasa. A wurinsa wani baƙin faci ne mai sheƙi. Na duba gaba, ga wani, ga wani, har iya ganina. Kowane ƙofar shago, kowane bakin masana'anta, sumul. A tsakiyar titin har da farin layi, abin da tun da aka haife ni ban taɓa gani a nan ba.

Baba bai gani ba. Ya gyara murya ya fara jawabin da ya kwana biyu yana haddacewa a gaban madubin Mama.

"Masu girma, ku riƙe kujerunku da kyau. Abin da za ku ji yanzu a jikinku, shi muke ji kullum."

Wasu suka kama ƙarfen gabansu. Bas ta ci gaba da sulalawa. Direban ɗan titin ne, hannunsa ya haddace inda kowane rami yake, don haka yana ta kauce wa facin nan dama da hagu ba tare da ya san yana yi ba. Mu dai lilo kawai muke ji mai daɗi.

"Kamar yadda kuke jin wannan jijjiga," in ji Baba, muryarsa ta ɗan rage ƙarfi, "wadda ke karya ƙashi..."

Wani ɗan majalisa a kujera ta uku ya fara gyangyaɗi.

Shugaban kwamiti ya leƙo ya ce, "Malam direba, lafiya kake ta wasa da sitiyari a titi mai kyau haka?"

Nan Baba ya juya ya kalli gaba. Na ga ƙeyarsa ta yi shiru, in dai ƙeya tana shiru. Ya miƙa wa Hajiya Mai Tangaran makirufo ya ce ta yi bayanin haraji, ta karɓa ta miƙa wa wani, su huɗun suka taru a bakin ƙofa, dab da ni, suna raɗa.

"Wane ne ya yi wannan?" in ji Baba.

Mai Katifa ya sunkuyar da kai. "Nawa kaɗai na rufe. Guntayen soso ne, da ɗan yashi. Na ce guda ɗaya ba zai rage komai ba."

"Soso. A titi."

"Shi nake da shi."

Baba ya juya ga Hajiya Mai Tangaran. "Ke da kika ce ko tsakuwa?"

"Ban jefa tsakuwa ba. Fasassun faranti ne, da ma neman inda zan zubar nake. Surukata ce ta zo jiya ta ce haka za a bar ƙofar shago baƙi na zuwa?"

"Ni ban cike ko ɗaya ba," in ji Mai Fenti, har da ɗaga hannu. "Na fito da safe na ga kowa ya yi nasa, wani ja, wani fari, wani ruwan ƙasa, abin ba kyan gani. Sai na ce wa yara su bi su da baƙi ya zama iri ɗaya."

"Farin layin fa?"

"Fenti ne ya ragu."

"Kun kashe ni," in ji Baba. "Ku duka kun ci amanar ƙungiya. Mutum ya ba ku amanar rami..."

Mai Fenti ya ce, "Naka ne ma ya fi shan fenti, Shugaba. Sai da aka yi masa shafi biyu."

Hajiya Mai Tangaran ta dubi Baba tun daga hula har takalmi, ta koma kujerarta.

Saura ni. Baba ya kafa mini ido, ya dubi ƙwan, ya ɗaga gira, ya sake duban ƙwan. Na gane. Na fara kaɗa gwiwa a hankali. Ƙwan suka yi ɗan motsi suka koma suka zauna. Na ƙara ƙarfi har haƙorana na haɗuwa. Ko tsagewa babu wanda ya yi. Baba da hannunsa ya zaɓe su. A lokacin tayar baya ta taɓa gefen facin Mai Katifa, bas ta ɗan nutsa ta taso a hankali, mai gyangyaɗin nan ya gyara kwanciya.

'Yar majalisar da ke kusa da ni ta ce, "'Yata, sanyi kike ji?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Ƙwan nan na mene ne?"

Na so in ce tsaraba ce. Amma ban iya ƙarya da sauri ba, sai na shirya ta tun daga gida.

"Jira suke yi," na ce.

"Jiran me?"

"Rami."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta zuge tagar kaɗan ta shaƙi iska, warin fenti ya shigo. Sai ta ciro hankici ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa, ta daɗe a haka. Da ta gama ta share ido ta ce, "Allah ya kawo."

Bas ta tsaya kafin shagonmu da kaɗan, inda aka kafa rumfa da kujeru. Aka sauka. Daga nan ina hango ɗakin karatu, da tagarsa a buɗe, da kan ma'aikaciyar da ke ciki. Shugaban kwamiti ya karɓi makirufo, fuskarsa cike da fara'a.

"Jama'a, yau na ga abin da ya faranta mini rai. An yi ta kawo mana kuka a kan titin nan, ashe ku mutane ne masu zuciya, kun tashi kun gyara abinku. Kun zama abin koyi. Kuɗin da muka so mu duba muku, za mu kai su inda mutane ba su iya taimakon kansu ba. Dokar haraji kuwa, tunda ga abin da ta haifar, taɓa ta ma zunubi ne."

'Yan rakiyarsa suka yi tafi. Mai Katifa ma ya tafa sau ɗaya, don ladabi, Hajiya Mai Tangaran ta harare shi ya daina. Baba yana tsaye, bakinsa yana murmushi, sauran fuskar ba ta sani ba. Na san abin da yake gani. Ni ma shi nake gani, har da kalandar Kawu a jikin bango.

Daga nan aka ce hoto. Shugaban kwamiti ya ce ba a rumfa yake so ba, a kan aikin yake so a ɗauke shi, da kayan da titin ke ɗauka a hannunsa. Idonsa ya faɗa kaina.

"Yauwa, 'yar ƙwai. Zo nan. Ke 'yar gida ce, ina ne aikin ya fi kyau?"

Duk kyamarori suka juyo. Ban taɓa tsayawa a gaban mutane masu yawa haka ba. Gwiwoyina suka ci gaba da kaɗawa, wannan karon ba da umarnin kowa ba. Na dubi Baba. Na dubi tagar ɗakin karatu. Na dubi Rijiya, tana kwance a ƙofar shagonmu, baƙa wuluk, shafi biyu, gefenta yana ɗan tsattsafo da ruwa.

Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. A littattafai mutum yakan ce wani abu ne ya zo masa. Ni babu abin da ya zo mini, ni na je.

"Can, ranka ya daɗe," na ce. "Ƙofar shagon Baba. Shi ne ya fi sabunta."

Na miƙa masa kiret ɗin da hannu biyu, har da rusunawa.

Baba ya yi taku ɗaya ya ɗaga hannu. "Mai girma, wurin nan..."

"Na'am, Shugaba?"

Idan ya ce kada a hau, sai ya faɗi dalili, a gaban 'yan jarida da ƙungiyarsa da maƙwabta. Na ga maganar ta hau wuyansa ta sauka. Hajiya Mai Tangaran ta matso ta tsaya a kan yatsan ƙafarsa kamar ba ta lura ba.

"...wurin nan yana da haske," in ji Baba.

Shugaban kwamiti ya taka ya hau tsakiyar Rijiya. Ba abin da ya faru. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga kiret zuwa ƙirji, ya yi murmushi, aka ɗauka. Na ce shi ke nan, kwalin ma ya bi sahun ƙwan, yau komai na Baba ya rantse ba zai lalace ba.

Sai ya ce, "Ku ɗauki wannan ma. Kun ga aiki mai ƙwari?" Ya ɗaga ƙafa ya buga a ƙasa.

Ba faɗuwa ya yi ba. Sauka ya yi, a tsaye, a hankali, da murmushinsa, kamar ana rage masa tsawo. Ƙasa ta yi wani sauti irin na mai shan shayi da zafi. Koren ruwa ya taso ta gefe, kwalaye suka ɓullo ɗaya bayan ɗaya, har da takalmin nan wari ɗaya. Da ruwan ya kai masa gwiwa sai ya tuna yana da hannuwa, ya watsa su neman abin kamawa, kiret ya tashi sama ya juyo. Ƙwan Baba, manya-manya, zaɓaɓɓu, suka sauko masa a hula da kafaɗa da gaban farar riga. A gaban manya suka fashe, kamar yadda aka tsara.

Na ɗan lokaci babu abin da ake ji sai ƙarar kyamarori.

Wani cikin 'yan rakiya ya buga waya a kawo mota maza. Muka hango ta tafe daga shatale-tale a guje, baƙa, mai ƙyalli. Direbanta baƙo ne, bai haddace komai ba, ya biyo tsakiyar titi kai tsaye yana jin daɗin farin layi. A ƙofar Mai Katifa gabanta ya nutse, bayanta ya ɗaga, guntayen soso suka tashi sama kala-kala suka yi ta sauka a kan rumfunan mutane.

"Mai kyau ne sosona," in ji Mai Katifa a hankali. "Ba abin da zai sami direban."

Baba ya isa bakin ramin, ya miƙa hannu, ya rasa ko haƙuri zai bayar ko bayani. Shugaban kwamiti bai karɓi hannun ba. Gwaiduwa na bin gefen kunnensa. Ya buɗe baki, kuma daga yadda ya cika ƙirji na san abin da zai fito ba zai yi wa titinmu daɗi ba, balle Baba.

Dattijuwar nan mai jan alƙalami ce ta riga shi. Ta tako a hankali tana zaɓar inda za ta sa ƙafa, ta tsaya a gefen ramin, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ina kusa, na ji.

"Mai girma, hoton nan zai fita, ko mun so ko ba mu so. Abin da ya rage mana shi ne abin da za a rubuta a ƙarƙashinsa. Ko a ce shugaban kwamitin sufuri ya yabi rami ya faɗa ciki, ko a ce ya shiga rami da ƙafarsa don ya ga abin da jama'a ke ciki. Ni dai da na biyun zan fi son jikokina su gan ka."

Ya dube ta. Ya dubi kyamarori. Ya dubi motarsa can da ƙafafun baya a sama. Wani ya sake miƙo hannu zai ciro shi, ya ture hannun.

"Ku bar ni a nan," ya ce. "Ku ba ni makirufo."

Daga cikin Rijiya ya yi jawabin, ruwa har gwiwa, ɓawon ƙwai a kafaɗa. Ya ce shi ba mutumin ofis ba ne, shi sai ya taka da ƙafarsa yake yarda. Ya ce tun a bas ya gane faci ne, ya yi shiru ne don ya gwada zurfin matsalar. Ya ce abin kunya ne a bar masu biyan haraji suna cike titi da kwali da soso. Ya kira magatakardan kwamiti ya ce a sa titin nan a sahun farko na kasafin bana, kuma ƙudurin asusun gyaran titi ya shiga zauren majalisa a zama mai zuwa. Dattijuwar ta zare jan alƙalaminta ta miƙa wa magatakarda, ta tsaya a kansa har ya rubuta, ta sa ya karanta da ƙarfi a gaban 'yan jarida.

Wannan karon Hajiya Mai Tangaran ce ta fara tafi. Baba ya cire hula yana fifita da ita, yana cewa, "Mun gode, mun gode," idonsa ya yi ja. Mai Fenti ya matsa kusa da magatakarda yana tambayar wa za a ba aikin farin layi idan an gama. Ma'aikatan Baba suka kawo benci aka shimfiɗa a bakin ramin, mutum huɗu suka kama mai girma suna ja, shi kuma yana ta ɗaga wa jama'a hannu. Takalminsa ɗaya ya zauna a ciki, na da ya samu abokin zama.

Na san ba za a daɗe ba wani zai tuna wanda ya nuna wurin. Ko mai girma ya tuna, ko Baba, ko wani ɗan jarida ya zo da makirufo ya ce in faɗi yadda na ji, wanda ya fi duka ban tsoro. Kowa ya ba ni baya. Na ja da baya kaɗan-kaɗan har na bar rumfar, na bi ta bayan bas, na bi gefen kwata inda babu fenti. A ƙofar ɗakin karatu na tsaya na goge gwaiduwar da ta fallatsar mini a takalmi da wata takardar biskit. Ma'aikaciyar tana leƙe ta taga tana kallon taron, ba ta ko juyo ba. Na wuce ta bayanta a kan yatsun ƙafa, na ɗauko littafin da na bari jiya, na zauna a kujerata ta lungu, ƙarƙashin fanka.